Tsohon lambu ko sabon lambu: wanne matafiyi zai zaɓa a Singafo?

Yawancin baƙin da ke shiga Singafo ba sa daɗewa a cikinta. Wani taro ne ya kawo shi, wani kasuwanci, wani kuma jirginsa ne ya yada zango a filin jirgin sama na Changi, ya samu 'yan sa'o'i kafin ya ci gaba da tafiya. Duk wanda ya tambayi inda zai je ya ga tsirrai a wannan birni, wurare biyu za a ambata masa: tsohon lambun da ke unguwar Tanglin, wato Singapore Botanic Gardens, da sabon lambun da ke bakin teku, wato Gardens by the Bay. Mutane da dama sukan ɗauka cewa wanda ya ga ɗaya ya ga ɗayan, don haka sai su nufi wanda hotunansa suka fi yawo a intanet, wanda kusan ko da yaushe shi ne sabon. A ganina wannan kuskure ne, domin an gina wuraren biyu ne saboda dalilai mabambanta, kuma abubuwan da ya kamata su raba gardama tsakaninsu su ne lokacin da mutum ya samu a cikin yini, da ƙarfin ƙafarsa, da kuma abin da yake nema idan ya tsaya a gaban bishiya.

Tsohon lambun an kafa shi a inda yake yanzu a shekarar 1859, kuma wata ƙungiyar masu sha'awar noma da renon furanni ce ta kafa shi, kafin gwamnatin mulkin mallaka ta Birtaniya ta karɓi ragamarsa daga baya. Faɗinsa a yau hekta 82 ne. A shekarar 2015 hukumar UNESCO ta saka shi cikin jerin wuraren tarihi na duniya, ya zama wuri na farko a Singafo da ya samu wannan matsayi, kuma lambun tsirrai na uku a jerin, bayan na Padua da ke Italiya da na Kew da ke Landan. Ba kyan furanni ne ya ba shi wannan daraja ba, aikin da aka yi a cikinsa ne.

Labarin roba shi ne babban misali. A 1876 wani Bature mai suna Henry Wickham ya kwaso irin itacen roba kimanin 70,000 daga Burazil ya kai Kew, aka shuka, aka samu kaɗan daga ciki suka tsiro, sannan a 1877 aka aiko da wasu 'yan dashe zuwa Singafo. Shekaru suka wuce ba wanda ya damu da su sosai, har sai da Henry Ridley ya zama daraktan lambun a 1888. Shi ne ya gano yadda za a riƙa yanka bawon itacen a karkace, siriri-siriri, ta yadda ruwan robar zai riƙa tsiyaya shekara da shekaru ba tare da bishiyar ta mutu ba. Ya dinga bin manoman gahawa yana cusa musu iri a aljihu yana roƙonsu su shuka, har suka yi masa laƙabi da mahaukaci. Da masana'antar mota ta bunƙasa, buƙatar taya ta tashi, sai ga shi zuwa shekarun 1920 yankin Malaya, wato ɓangaren Malesiya ta yau da ke maƙwabtaka da Singafo, yana samar da kusan rabin robar duniya. Wanda ya san wannan labari kafin ya shiga ƙofar lambun, kallon da zai yi wa wurin ba zai zama ɗaya da na wanda ya shigo shan iska kawai ba, domin zai san cewa a wannan fili ne aka gwada abin da ya sauya tattalin arziƙin yanki guda.

Abin da ya fi jan hankalina a lambun shi ne wani yanki mai hekta 6 na asalin kurmi, wanda ya girmi lambun kansa, ba a taɓa sare shi ba. An shimfiɗa hanyar katako a cikinsa, kuma da zarar mutum ya shiga sai ƙarar motoci ta ragu, inuwa ta rufe shi, ya ga bishiyoyin da wasunsu suka haura mita 40, da igiyoyin daji da suka nannaɗe su. Kafin a gina birnin, haka yawancin tsibirin yake. Babu fitilu masu launi a nan, babu kiɗa, kuma ba kowane baƙo ne zai ga abin mamaki a ciki ba. Wanda ya zo neman hoto mai ɗaukar ido zai iya ratsa shi cikin minti 15 ya fito yana tambayar ko shi ke nan. Amma wanda yake son ya ga yadda kurmin ƙasashe masu zafi yake a haƙiƙa, ba wanda aka tsara a takarda ba, ba zai samu irinsa a sabon lambun ba, komai kuɗin da zai biya.

A ɓangaren kudu, kusa da ƙofar Tanglin, akwai tsohuwar bishiyar tembusu wadda hotonta yake bayan takardar dala 5 ta Singafo, mai wani dogon reshe da ya miƙe ƙasa-ƙasa. An kewaye ta da shinge saboda takun mutane yana danne ƙasar da ke kan saiwoyinta. Akwai tafkin da aka haƙa tun 1866, akwai rumfar makaɗa ta 1930 a kan tudu, akwai kuma sashen da aka keɓe wa citta da danginta. A gefen ruwa ba abin mamaki ba ne mutum ya ci karo da guza tana tafiyarta, ko kajin daji suna tono a ƙarƙashin ganye.

Wuri ɗaya ne ake biyan kuɗin shiga a cikin tsohon lambun, shi ne lambun furen okid na ƙasa, wanda aka buɗe a 1995 a kan fili mai hekta 3. Yana da nau'in okid na asali sama da 1,000, da waɗanda aka samar ta hanyar haɗa iri sama da 2,000. Wannan aikin haɗa iri ya faro ne tun ƙarshen shekarun 1920 a zamanin darakta Eric Holttum, kuma daga gare shi ne al'adar nan ta samo asali ta raɗa wa sabon fure sunan babban baƙon da ya ziyarci ƙasar. Akwai mai sunan Nelson Mandela, akwai mai sunan Margaret Thatcher. A nan ne kuma ake ganin Vanda Miss Joaquim, furen da aka zaɓa a 1981 ya zama furen ƙasa. Akwai ɗakin gilashi mai sanyi a ciki, wanda aka tanada domin okid ɗin tsaunuka, kuma wanda rana ta dafa zai ji daɗin shigarsa ko da bai damu da fure ba.

Gardens by the Bay kuwa wani al'amari ne daban. Firaministan Singafo na wancan lokaci, Lee Hsien Loong, ne ya ba da sanarwar aikin a 2005, aka yi gasar zane ta ƙasa da ƙasa, kamfanoni biyu na Birtaniya, Grant Associates da Wilkinson Eyre, suka tsara babban ɓangarensa, aka buɗe shi a watan Yunin 2012. Filin da yake kai, mai faɗin sama da hekta 100, a da teku ne, cike shi aka yi da ƙasa. Saboda haka babu wata bishiya a wurin da ta tsiro da kanta tun zamanin kakanni. Duk abin da ido ya gani, hannu ne ya kawo shi. Wannan ba aibi ba ne, sai dai ya kamata mutum ya san da shi tun kafin ya je, don kada ya nemi abin da wurin bai yi alƙawarin bayarwa ba.

Abin da aka fi sanin wurin da shi su ne gine-ginen nan masu siffar bishiya da ake kira Supertree. Guda 18 ne, 12 daga ciki a tattare suke wuri ɗaya, tsayinsu daga mita 25 zuwa mita 50. Jikinsu kankare ne da ƙarfe, amma an lulluɓe su da tsirrai masu rai irin waɗanda ba sa buƙatar ƙasa mai zurfi. Ba ado kaɗai suke yi ba: wasunsu suna ɗauke da faranti masu tara hasken rana, wasu kuma ta cikinsu ne ake fitar da iskar da na'urorin lambun suka yi amfani da ita. Akwai wata gada mai tsawon mita 128 da ta ratsa tsakaninsu a sama, mita 22 daga ƙasa, wadda ake biyan kuɗi kafin a hau, kuma ana rufe ta idan hadari ya taso. Kowane dare, da ƙarfe 7:45 da kuma 8:45, ana kunna fitilun jikinsu tare da kiɗa na kimanin kwata ɗin awa, kyauta, mutane su zauna ko su kishingiɗa a ƙasa suna kallon sama.

Sai manyan ɗakunan gilashi guda biyu, waɗanda su ne ainihin abin da ake biyan kuɗi dominsa. Na farko, Flower Dome, faɗinsa ya ɗara hekta ɗaya, kuma a 2015 ya shiga kundin Guinness a matsayin ɗakin gilashi na renon tsirrai mafi girma a duniya. An daidaita yanayinsa ya zama mai sanyi da bushewa, tsakanin digiri 23 zuwa 25 a ma'aunin Salshiyas, domin tsirran da ba za su rayu a laimar Singafo ba: tsofaffin itatuwan zaitun daga yankin Bahar Rum, da kuka, da tsirran Afirka ta Kudu da Ostireliya da Kudancin Amurka. A tsakiyarsa akwai filin furanni da ake sauyawa bisa lokaci. Na biyu, Cloud Forest, ya fi ƙanƙanta a faɗi amma ya fi tsayi. Mutum yana shiga zai tarar da wani tsauni na gini mai tsayin mita 35, ruwa yana kwararowa daga kansa, jikinsa cike da gansakuka da okid da tsirran nan masu cin ƙwari. Ana hawa da lifta zuwa sama, sannan a gangaro a ƙafa ta kan hanyoyin da aka rataye a iska, ana feso ruwa siriri lokaci-lokaci domin a kwaikwayi gajimaren da ke sauka a kan tsaunukan ƙasashe masu zafi. Idan mutum zai shiga ɗaya kawai, wannan nake ganin ya fi cancanta, domin Flower Dome, duk girmansa, wani lokaci yakan fi kama da wurin baje kolin furanni, musamman idan kayan ado na bikin da ake ciki sun rinjayi tsirran.

To, da wanne ya kamata a fara auna su? Ni dai ina ganin da zafi. Singafo tana kusa da layin ikwaita, tazarar ba ta kai kilomita 150 ba, don haka babu hunturu babu bazara. Kusan kullum zafin rana yana kaiwa digiri 31 ko sama, iska tana da laima, ruwan sama kuma yakan sauko kwatsam, galibi bayan azahar, ya fi yawa daga Nuwamba zuwa Janairu. Rana tana fitowa wajen ƙarfe 7 na safe, ta faɗi wajen ƙarfe 7 na yamma, duk shekara. Tsohon lambun a buɗe yake daga ƙarfe 5 na asuba har 12 na dare, amma lokacin da yake da daɗi shi ne daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe 10, lokacin da mazauna birnin suke fitowa motsa jiki, tsuntsaye suna kuka, rana ba ta yi ƙarfi ba. Wanda ya shige shi da ƙarfe ɗaya na rana zai sha wahala, domin daga ƙofar kudu zuwa ta arewa tafiya ce ta sama da kilomita 2, akwai hawa da gangara, kuma ba ko'ina ne ke da inuwa ba. A daidai wannan lokaci ne sabon lambun yake nuna fifikonsa, saboda ɗakunan gilashinsa suna da sanyi kuma ruwan sama ba ya shafar wanda ke ciki. Sai dai filinsa na waje ya fi na tsohon lambun zafi da tsakar rana, tun da bishiyoyinsa ba su kai waɗancan girma ba, ga kuma shimfiɗar dutse da siminti.

Saboda haka tambayar farko da matafiyi zai yi wa kansa ita ce, wane ɓangare na yini ne yake hannunsa? Wanda taronsa zai fara da hantsi, ko jirginsa zai tashi da yamma, safiyarsa ta tsohon lambu ce. Wanda bai samu kansa ba sai bayan azahar, ya nufi bakin teku, ya shiga ɗakunan gilashi har rana ta yi sanyi, ya fito ya jira fitilu.

Batun kuɗi a bayyane yake. Mutum zai iya shafe rabin yini a tsohon lambun bai kashe ko sisi ba, in ban da tikitin lambun okid idan ya ga dama. A sabon lambun ma yawo a waje da kallon fitilu kyauta ne, amma tikitin ɗakunan gilashi ya fi na okid tsada nesa ba kusa ba, na baƙi ya fi na mazauna ƙasa, gadar sama kuma kuɗinta daban. Ga mutum ɗaya abin ba zai yi nauyi ba. Ga mai iyali na mutum biyar ko shida, lissafin yana sauyawa. Farashin yakan canza bisa baje kolin da ake yi a lokacin, kuma akan rufe kowane ɗaki na yini guda lokaci-lokaci domin gyara, don haka a duba shafin lambun a daren da ya gabaci zuwa.

Wanda ake tafe da shi ma yana da tasiri. Tsoho ko mai ciwon gwiwa ko mai keken marasa lafiya zai fi samun sauƙi a sabon lambun, inda ƙasa take a miƙe, akwai lifta, akwai kuma ƙaramar mota da ke jigilar mutane a ciki. Yara ƙanana suna son wuraren biyu ta fuska daban-daban: a bakin teku akwai wurin wasan ruwa, a tsohon lambun kuma akwai lambun yara na Jacob Ballas da aka buɗe a 2007 kusa da ƙofar arewa, wanda ake rufewa ranar Litinin. Mai son kaɗaici kuwa ya sani cewa cunkoso ya fi yawa a sabon lambun, musamman ranakun ƙarshen mako da lokacin fitilu, inda a wasu wurare sai an bi layi kafin a samu gurbin ɗaukar hoto. Tsohon lambun ma yana cika, amma faɗinsa da yawan lungunansa suna haɗiye jama'a, mutum ya bar babbar hanya da 'yan taku kaɗan sai ya tsinci kansa shi kaɗai.

Akwai wani bambanci da ba ya fitowa a hoto. Tsohon lambun har gobe cibiyar bincike ce, yana da ɗakin karatu da ma'ajiyar busassun samfuran tsirrai da suka haura rabin miliyan, kuma yawancin abin da ke cikinsa tsirran ƙasashe masu zafi ne suna rayuwa a yanayinsu, babu wata na'ura da ke riƙe da su. Sabon lambun kuwa ya tattaro tsirran nahiyoyi dabam-dabam ya ajiye a inda ba za su rayu ba in ba don injin sanyaya iska ba, duk da cewa an yi dabarar samar da wani ɓangare na makamashin ta hanyar ƙona rassa da ganyayen da ake sassabowa daga lambunan birnin. Wanda sha'awarsa ta karkata ga injiniyanci da fasahar gini zai samu abin nazari a can fiye da nan. Wanda kuma yake son ya fahimci ƙasar da ya zo, da abin da ke tsirowa a cikinta, da yadda ta samu arziƙinta na farko, tsohon lambun ne zai amsa masa. Idan aka tilasta mini zaɓar ɗaya, kuma ina da safiya, tsohon zan zaɓa, saboda ɗakunan gilashi masu sanyi ana iya gina irinsu a kowane birni mai kuɗi, amma kurmin da ya girmi birnin da ya kewaye shi ba a saye.

Wanda yake da cikakken yini ba sai ya zaɓa ba, domin jirgin ƙasa na birnin ya haɗa wuraren biyu kai tsaye. Layin Downtown yana ɗaukar mutum daga tashar Botanic Gardens, wadda take bakin ƙofar arewa ta tsohon lambun, zuwa tashar Bayfront da ke kusa da sabon lambun, ba tare da sauya jirgi ba. Layin Thomson-East Coast kuma, tun 2022, ya haɗa tashar Napier da ke kusa da ƙofar Tanglin da tashar Gardens by the Bay. Tsarin da ya fi ma'ana shi ne a shiga tsohon lambun ta ƙofa ɗaya da sassafe a fita ta ɗayar, don kada a maimaita hanya. Wanda ya shiga ta Tanglin zai fara da sashen tarihi da bishiyar tembusu, ya iso lambun okid bayan an buɗe shi da ƙarfe 8:30, ya ratsa kurmi, ya fita ta arewa kafin rana ta take. Bayan hutu da cin abinci sai a nufi ɗakunan gilashi wajen ƙarfe 3 ko 4. A riƙe lema da gorar ruwa, a sa takalmin da ba ya cizo, a kuma tanadi wata 'yar riga ta sama, domin wanda ya shiga Cloud Forest da gumi a jikinsa zai ji sanyin fiye da yadda ya zata. A wuraren biyu an hana shan taba da tsinkar fure da ciyar da namun daji, kuma a Singafo irin waɗannan dokoki da tara suke tafiya.